Na karanta littafin don in ga ƙarshen mace irina

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 31, shekara 8 ke nan da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Na sha rubutu, na sha saƙe-saƙi, an yi min hoton mahaifa har sau biyu aka ce lafiyata ƙalau. Bara da kyar maigidana ya yarda aka gwada shi, sakamako ya nuna babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyinsa. Ya ninke takardar ya cusa a ƙasan akwati, ya ce in rufa masa asiri, daga ranar bai sake tayar da maganar ba. Hajiyarsa kuwa ni take gani da laifi, har ta fara yi masa zancen 'yar ƙanenta. Wata ƙawata ta ce akwai asibitin kuɗi da ake sa wa mace maniyyin wani namiji da ba ta sani ba, ba wanda zai ji ba wanda zai gani. Ita ta ba ni wani littafin Turanci na labarin kisan kai, wai matar ciki irin halina take. A ɓoye ta je aka yi mata, ta sami ciki, sai mai maniyyin ya gano ta, ya dinga karɓar kuɗi a hannunta, aka yi ta kashe-kashe. Kwana uku na yi ban yi barcin kirki ba don in ga yadda za ta ƙare. Ƙarshe sai aka kashe mutumin, mijin ya yafe mata a shafi biyu, aka rufe littafi. Haushi ya kama ni, na yi jifa da shi. Amma tunanin bai bar ni ba. Anti, in na yi haka ba asirin mijina na rufa ba? Ina son sa, ba na son rabuwa da shi, kuma gori ya ishe ni.

Wata baiwar Allah daga Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya yaye miki, ya ba ki masu albarka.

Bari in fara da littafin, tunda shi ya hana ki barci. Haushin da kika ji yana da dalili, kuma ina ganin hankalinki ne ya rigaye ki gane inda marubucin ya yi coge. Mai rubuta labarin kisan kai yana buƙatar mugu mai fuska, wanda za a bi a kama ko a kashe, mai karatu ya sauke ajiyar zuciya. Shi ya sa ya ɗauki duk nauyin abin da matar ta aikata ya ɗora a kan mutum ɗaya, mai maniyyin, ya mayar da shi ɗan damfara, sannan ya kashe shi. Da mutuwarsa sai aka nuna kamar asirin ma ya mutu. Ke kuma tambayar da kika shiga littafin da ita daban ce: yaya mace ke kwana ta tashi shekara ashirin da miji da ɗa alhali ita kaɗai ta san abin da ta sani? Wannan ba ya sayar da littafi, don babu bindiga a ciki, babu ɗan sanda, sai dafa tuwo da kai yaro makaranta da faɗuwar gaba duk ranar da wata gwaggo ta ƙura wa yaron ido ta ce, "Wai wannan da wa ya yi kama ne?" Marubucin ya tsaya daidai inda rayuwarki za ta fara. Kuma ki lura, a duk labarin da kika ba ni ban ji inda aka ce uffan game da jaririn ba. An yi amfani da shi ne kamar jakar kuɗin da ake rigima a kanta.

Akwai kuma wani bambanci tsakaninki da matar littafin da ƙawarki ba ta hango ba. Mijinki ya san sakamakonsa. Takardar tana ƙasan akwatinsa, da hannunsa ya ninke ta. Ki zauna ki zana ranar a ranki: kin shigo ɗaki da ɗan tsinken gwajin ciki, layi biyu sun fito, kin miƙa masa. Me kike tsammanin zai fara zuwa zuciyarsa? Wataƙila ya yi sujada ya ce ikon Allah ne. Amma mutumin da ya shekara yana juya kalmar "babu ko ɗaya" a kansa, da wuya wani tunanin bai biyo baya ba, kuma tunanin da zai biyo bayan ba asibiti zai nufa ba, wani namiji zai hango. Daga nan hanya biyu ce. Ko ya haɗiye, ya yanka rago, ya tsaya a ƙofar gida yana gaisawa da 'yan raɗin suna da ƙaya a maƙogwaro, ya rayu da ku yana kallon yaron da gefen ido. Ko kuma wata rana faɗan cefane ya tashi, maganar ta kuɓuce masa, ta kai gaban iyaye, ta kai gaban alƙali. A ranar takardar da yake ɓoyewa ita zai fito da ita ya kare kansa, ke kuma ba ki da abin nunawa sai rasidin asibitin da kika je ba da saninsa ba. Asirin da kika je rufewa ya tonu, naki ya hau kai.

Ko da bai taɓa zargi ba, zamanin "ba wanda zai ji" ya wuce. A Amurka, a jihar Indiana, wani likitan haihuwa ya shafe shekaru yana sa wa matan da ke zuwa wurinsa maniyyinsa na kansa, yana ce musu na wani ne. Bayan shekara talatin da wani abu 'ya'yan suka girma, suka sayi irin gwajin DNA ɗin nan da mutum ke tofa yawu a kwalba ya aika ta gidan waya, sai ga 'yan'uwa suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya har suka haura 90. A Holan, a 2023, sai da kotu ta hana wani mutum ci gaba da ba da maniyyinsa bayan an gano ya haifi sama da 500. Ingila da ta halatta abin ta kafa masa hukuma, ta ce maniyyin mutum ɗaya kada ya wuce gidaje 10, kuma tun 2005 ta soke ɓoye sunan mai bayarwa: yaro in ya cika shekara 18 yana da ikon a gaya masa wanda ya fito daga tsatsonsa. Sun yi haka ne saboda waɗanda aka haifa ta wannan hanya sun girma sun buɗe baki sun ce suna son sanin asalinsu. To ki tambayi ƙawarki, a wurin da take son kai ki a ɓoye, wa zai tabbatar miki ko maniyyin wa aka sa miki, gida nawa aka kai shi a garin nan, kuma an duba jinin mai shi ko yana ɗauke da sikila? Macen da ta shiga a sace ba ta da bakin yin waɗannan tambayoyin, kuma in an cuce ta ba ta da inda za ta kai ƙara.

Ta fuskar addini kuwa, maganar ba sabuwa ba ce a wurin malamai. An haifi jaririyar farko ta hanyar dashen IVF, wato haɗa ƙwan mace da maniyyi a asibiti a mayar mahaifa, a Ingila a watan Yulin 1978, shekara biyu bayan haka, a 1980, Muftin Masar na lokacin, Shehu Jadul Haƙ, ya ba da fatawa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ita ma ta zauna a Amman a 1986 ta yanke hukunci iri ɗaya. Abin da suka tsaya a kai shi ne: in ƙwan matar ne, maniyyin mijinta ne, aurensu yana nan, aka haɗa a asibiti aka mayar mahaifarta, babu laifi in buƙata ta kama. Da zarar na uku ya shigo, ko da maniyyi ko da ƙwai ko da aron mahaifa, ya haramta, ko da mijin ya yarda, balle a bayan idonsa. Dalilin shi ne nasaba. A kanta gado yake, a kanta ake sanin wanda aure ya haramta tsakani, a kanta waliccin 'ya mace yake. Suratul Ahzab ta ce a kira 'ya'ya da sunan ubanninsu. Ki ɗauka mace kika haifa: ta ci gadon da ba nata ba, wanda ba mahaifinta ba ya ba da aurenta, kuma babu abin da zai hana ta haɗu da wani saurayi a jami'a wanda uba ɗaya suka fito, babu mai iya tsayar da su don babu wanda ya sani. Na san ba abin da kika nufa ke nan ba. Kin nufi ki share hawayenki da na mijinki ne. Amma amsar tambayarki ita ce a'a, kada ki yi.

Yanzu ga inda nake son ki ba ni hankalinki sosai, don ina ganin ku biyun kun yi zaman makokin abin da ba a tabbatar ya mutu ba. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Ƙa'idar likitoci ita ce a maimaita, kuma yawanci sukan bar tazarar kamar wata uku, saboda jikin namiji yana ɗaukar kwana saba'in da 'yan kai kafin ya kammala ƙera sabbin ƙwayoyi. Zazzaɓi mai zafi da ya kwantar da mutum kafin gwaji yana iya rage su ƙwarai. Akwai kuma yadda ake ba da samfurin: a ƙaurace wa juna kwana 2 zuwa 7, a zuba duka a kwalbar da aka bayar, a kai ɗakin gwaji cikin awa ɗaya ba tare da ya sha rana ko sanyi ba. Kuma kafin a ce "babu ko ɗaya" sai an juya samfurin a na'ura an duba abin da ya kwanta a ƙasa. Ba kowane ɗan ƙaramin wurin gwaji na bakin titi ke yin wannan ba.

In an maimaita aka sake samun haka, tambaya ta gaba ita ce me ya jawo, kuma wannan aikin likitan mafitsara da al'aurar maza ne, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa kamar na Shika da na Malam Aminu Kano. Matsalar iri biyu ce. Wani jikinsa yana ƙera ƙwayoyin lafiya lau, hanyar fitowarsu ce ta toshe, sau da yawa saboda ciwon sanyi da ba a yi masa magani da kyau ba tun ana samari, ko tiyatar gwaiwa da aka taɓa yi. Irin wannan kusan kullum ana samun ƙwayoyin in an zuƙo da allura daga maraina, wani lokacin ma ana gyara hanyar da tiyata. Wani kuma ƙerawar ce ta yi rauni: hangum da ya kama shi bayan ya balaga ya sauka maraina, ko maraina da ba su sauko ba tun yana jariri, ko kumburin jijiyoyin wurin, ko wani abu da aka haife shi da shi. Ko a nan, in likita ya buɗe ya bincika da madubin tiyata, a kan dace da 'yan ƙwayoyi a wurin kusan rabin masu wannan matsala. Akwai waɗanda sinadarin da ƙwaƙwalwa ke aikawa ne ya yi ƙaranci, su allura ce maganinsu, ta wasu watanni. Mai ciwon suga kuma wani lokacin maniyyin baya yake komawa cikin mafitsara, a fitsari ake tsinto ƙwayoyin.

Ga wata tambaya da za ki yi masa cikin dabara: yana shan maganin ƙarfin maza, ko an taɓa yi masa allurar testosterone, wato sinadarin mazakuta, a kemis? Maza da yawa suna ɗauka tana ƙara haihuwa, alhali ita ke sa jiki ya daina ƙera ƙwayoyin, har a gwada a ga babu. In aka daina, yawanci sukan dawo bayan wasu watanni. Tramadol ma ba ya barin wurin lafiya.

Abin da ya sa 'yan ƙwayoyi kaɗan suke da daraja shi ne wata dabara da aka fara a Beljiyam a 1992, wadda likitoci ke kira ICSI. Maimakon a jira miliyoyi su yi tsere, sai a ɗauki ƙwaya ɗaya tak da siririyar allura a cusa ta cikin ƙwan mace, in ya haɗu a mayar mahaifa. Ana yin wannan a Najeriya. Ƙwanki ne, ƙwayarsa ce, kuma shi ne ainihin abin da malaman can suka halatta. Ba zan yi miki daɗin baki ba: akwai tsada mai karya ƙugu, akwai allurai da za ki sha, ba kowane zagaye ke kamawa ba, kuma akwai mazan da ko an bincika ba a samun komai. Amma kuɗin da kike shirin tarawa ki kai a ɓoye, nan ya kamata su nufa. Shekarunki ma suna cikin lissafi, don ingancin ƙwan mace yana raguwa sosai bayan 35. Kina da lokaci, sai dai ba irin wanda za a bar takarda ta ƙara shekara uku a akwati ba.

Sai maganar maigida, wadda ita ce mai wuyar. Ina tausaya masa. A wurinmu an haɗe haihuwa da mazakuta wuri ɗaya, namiji in an ce ba ya haihuwa sai ya ji kamar an tuɓe masa riga a kasuwa, alhali abubuwa biyu ne daban, mutum yana iya zama lafiyayye sarai a shimfiɗa kuma babu ƙwaya a ruwansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun ɓangaren namiji. Ba shi kaɗai ba ne, ko a layinku. Amma tausayi bai hana a faɗi gaskiya ba: abin da yake yi miki bai kyauta ba. Ya ce ki rufa masa asiri, kin rufa, shi kuma ya bar ki a tsakar gida ana jifan ki da kalmar juya yana ji yana sunkuyar da kai. Rufin asiri tsakanin miji da mata ba ya tafiya ta gefe ɗaya. Ba sai ya karanta wa Hajiya takardar ba. Ya isa ya ce, "Hajiya, mun je asibiti, likita ya ce ita lafiyarta ƙalau, muna kan neman magani, don Allah a bar maganar haka." Jimla ɗaya ce, kuma ita ce mafi ƙarancin haƙƙinki a kansa.

Auren 'yar ƙanen Hajiya kuwa, ki bar kishi a gefe ki nuna masa lissafin. In ya auro yarinyar, shekara biyu, uku, ita ma shiru, wa za a kalla? Tsugune ba ta ƙare ba, kuma a lokacin duk dangi sun gane ba tare da an gaya musu ba. Ga alhakin yarinyar da za a shigo da ita ba ta san abin da ke ƙasa ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi wani mutum da ba ya haihuwa ya kuma yi aure ko ya sanar da matar, ya ce a'a, sai ya umarce shi ya je ya gaya mata ya ba ta zaɓi.

Kada ki tayar da maganar ranar da Hajiya ta zo ta tafi, ko ranar da kika dawo daga suna da kumburarrun idanu. Ki nemi daren da ya ci ya ƙoshi, babu baƙo, wuta ta ɗauke ma ya fi, don wasu maganganun sun fi sauƙin fita in ba a ganin fuskar juna. Ki ce masa kin ji gwaji ɗaya ba ya isa, kin ji akwai waɗanda aka ce musu babu kuma aka samu, kina roƙon ya bi ki sau ɗaya wurin likitan maza, a wani garin ma in yana jin kunyar a gan shi. Kada ki ambaci shawarar ƙawarki ko da wasa. In ya ƙi, ki ba shi lokaci ki sake. In ya kafe, ki gaya masa kai tsaye cewa nauyin ya fi ƙarfinki ke kaɗai, kina neman izininsa ku sa mutum ɗaya a ciki, wanda shi zai zaɓa, yayansa ko malaminsa ko wani likita da yake jin nauyinsa.

Ƙawar nan kuma, ban ce muguwa ce ba, wataƙila tausayinki ne ya ɗebe ta. Amma daga wasiƙarki na fahimci ta riga ta san sakamakon maigida, in ba haka ba me zai sa ta kawo wannan shawarar? To kin ga asirin ya riga ya fita ɗaki ɗaya. Da kin bi ta, da ita ce za ta riƙe igiyar wuyanki har abada, kuma ƙawance yana tsami. Mai karɓar kuɗin toshiyar baki na cikin littafinki ba lallai ya zo da siffar baƙon namiji ba. Ki ja bakinki daga yanzu, ki ce mata kin fasa, ki mayar mata da littafinta.

Idan an bi duk hanyoyin nan aka tabbatar babu, to akwai zaɓi biyu na halal, kuma babu wanda zan zaɓar miki. Kina iya zama da mijinki ku ɗauki riƙo, wanda ba baƙon abu ba ne a gidajenmu, ɗan 'yar'uwa ko maraya, ya tashi a hannunku da sunan mahaifinsa, ku yi masa wasiyya cikin sulusin dukiya tunda ba ya gado. In jariri ne, ki tambayi likita, ana iya taimaka wa mace ta sami ruwan nono ko ba ta haihu ba, shayarwa kuma tana sa ya zama muharraminki, sai ki nemi malami ya warware miki sharuɗɗan. Nana A'isha ba ta haihu ba, da ɗan yayarta Asma'u ake yi mata alkunya, Ummu Abdullahi. Kina kuma iya cewa son haihuwa ya fi ƙarfinki, ki nemi rabuwa ta hanyar hul'i cikin mutunci ba tare da kin tona masa asiri ba, kuma ba ki yi zunubi ba. Kin ce kina son sa, na kuma yarda, amma ki bar wannan hukuncin sai kin ji bakin likita na biyu.

Kafin nan, ki tambaye shi ya ba ki takardar nan ki ɗauki hotonta a waya, don likitan zai so ya ga ranar da aka yi gwajin da wurin da aka yi shi. Ki haɗa da naki sakamakon duka a jaka ɗaya. In kun je kun dawo ki sake rubuto min, ina son jin abin da aka ce.